Zara da Rana Tsaka

Babana gyaran tabarau yake yi. Shekara talatin yana zaune a ɗan shagonsa na ƙasan gidanmu, da ƙaramin sukundireba da kwalin kusoshi. Amma ransa yana saman bene, a wani ɗaki mai taga ɗaya, inda ya harhaɗa madubin hangen nesa da bututun ruwa da gilasai biyu. Da magariba ta yi sai ya hau da littafinsa, ya rubuta inda wata yake da tauraron da ke kusa da shi.

Gidan na gado ne, shi da ƙanensa, Baffa mai sayar da tayoyi. Baffa ya daɗe yana haɗiyar miyau a kan ɗakin nan, yana son ya mai da shi sito. Ranar da Baba ya ce a cikin hira ana iya ganin tauraruwar Zara da rana tsaka, Baffa ya samu abin da yake nema. Ya tara dangi.

"Yaya fa kansa ya taɓu," in ji shi, har da matse ido kamar mai tausayi. "Tauraro da rana! A karɓe makullin ɗakin nan, a kai shi asibiti, kafin ya faɗo daga sama."

Suka karɓe. Na ga an jingine madubin Baba a bayan bayi. Wallahi ranar na tsani Baffa, har yau kuma ban huce ba.

Baba littafinsa kawai ya riƙa buɗewa, yana ƙirga kwanaki. Ana haka hannun tabaran Baffa ya karye, shi kuwa in babu tabarau ko lambar mota ba ya iya karantawa. Da ƙarfin halinsa ya kawo wa Baba. Aikin minti biyar ne, amma Baba ya jefa shi a aljihun tebur ya ce, "Sai jibi."

Jibin, wajen ƙarfe uku, Baba ya fito titi ya tsaya a inuwar benen, inda katanga ta kare rana. Ya kira tela, ya kira mai aski, ya kira gwaggonnina da suka yi zaman yanke masa hukunci.

"Kun ga siririn watan can? Ku duba ƙasansa kaɗan, ta dama."

Suka zuba ido sama. Sai tela ya buga salati. Ga Zara nan, fara tas, kamar kan allura. Har masu wucewa suka tsaya suna nuna wa juna.

Baffa ya ɗaga kai, ya ƙanƙance ido, ya murza.

"Ina? Ni ban ga komai ba. Yaya, ba ni tabarauna!"

"Bai gyaru ba," in ji Baba. "Kowa ya gani sai kai. Ko asibitin za mu kai ka?"

Kafin yamma babbar gwaggo ta miƙo makullin, kanta a ƙasa. Washegari Baba ya gyara tabaran, ya goge sumul ya mayar wa Baffa, wata kuwa ya yi gaba, babu alamar da za a bi a gane wurin Zara.

Baba ya rasu bara. Har yanzu nakan ga Baffa da rana a bakin shagonsa, ya ɗaga kai yana lalube. Ranakun da wata ke zuwa kusa da Zara duk suna cikin littafin, littafin kuma yana hannuna. Sau biyu yana tambayata, ina ce masa ban iya karanta rubutun Baba ba.