Turakun Baƙo a Gonar Tirmini

Cikin shekarun da na yi a biro, wato ofishin da ke karɓar masu son zuba jari a Damagaram, ranar da ba ta fita raina ita ce wadda na raka wani baƙo ƙauye a yankin Tirmini. Aikina ke nan: kafin a sa hannu kan maganar fili, sai ma'aikaci ya je ya ji daga bakin masu gona ko sun yarda.

Baƙon ya zo daga ƙetare, ya ce zai kafa masana'antar man gyaɗa. Ba ya jin Hausa, ba ya jin Faransanci, sai Ingilishi. Wanda ya kawo shi wani dillali ne ɗan unguwar Zango, Alhaji Mutari, shi ne kuma tafinta. Tun a biro ban sake da shi ba. Kowace tambaya na yi wa baƙon, Alhaji ke amsawa kafin ya juya masa ita.

Shef ɗinmu, shugaban biron, ya ja ni gefe ya ce, "Isufu, irin waɗannan ba kullum suke zuwa ba. Kar ka tsananta."

Muka isa da hantsi. Maigari ya tara masu gonaki, wani dattijo, Baba Sanda, ya yi doguwar magana a kan rijiyarsu da burtalin da shanu ke bi. Alhaji ya juya ya faɗa wa baƙon kalma biyu, baƙon ya yi murmushi. Jim kaɗan direbansu ya sauke turakun ƙarfe, ya fara kafawa yana shata iyaka har bayan rijiyar.

Na matsa kusa da dattijon na ce, "Baba, me aka ce muku za a yi da gonakin?"

Ya ce, "Aro ne, ɗana. Za su gwada irin gyaɗa damina biyu su mayar mana."

Na ce a dakata. Akwai wata malamar Ingilishi a lise, wato makarantar sakandare, Madam Rakiya, maƙwabciyarmu a unguwar Birni. Na kira ta, na buɗe muryar wayar kowa ya ji, na roƙe ta ta tambayi baƙon abin da ya zo yi. Ta tambaya, ta dawo ta ce, "Wai ya sayi wurin ne gaba ɗaya, har da rijiyar, kuma an ce masa mutanen sun yarda su tashi."

Alhaji ya ce, "Haba Malam Isufu, wannan ai maganar da za a gyara a gida ce." Baba Sanda ya tashi ya tumɓuke turken da ke kusa da rijiya, ya kai gaban baƙon ya ajiye.

Ta bakin Madam na ce wa baƙon akwai filin gwamnati da za a iya nema masa ta hanyar da ta dace. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce Alhaji ma haka ya fara masa magana. Bai kwana uku a gari ba ya tafi. Shef ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata da kyau.

Har yau ban sani ba ko baƙon yaudararsa aka yi, ko ya san komai ya yi shiru. Na sha juya murmushin nan nasa a raina. Abin da nake gaya muku ku sababbin ma'aikata shi ne, mai kuɗi yana tsoronmu kamar yadda muke tsoronsa, kuma wanda ya tsaya a tsakani, da wannan tsoron yake cin abinci. Duk wanda ya hana ku jin mai gona da mai jari da kunnenku, ku fara bincike daga kansa.