Ranar da Ewangay Ya Yanka Tamalat

Ewangay taubashina ne, don haka ba na raga masa. Tun muna yara a Timiya nake ce masa baƙin jaki, shi kuma ya ce mini bakin reza. Amma wallahi akwai ranar da bakin nan nawa ya mutu murus a gabansa.

Ubansa madugun ayarin gishiri ne. Da raƙuma suka ƙare a shekarun fari, Ewangay ya koma wa mota, wata tsohuwar kat-kat fara, mai ja da ƙafa huɗu, da ta girmi 'ya'yansa duka. Ya sa mata suna Tamalat, sunan taguwar ubansa. Kafin ya tambayi lafiyar gida da safe, sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta. Idan yana tuƙi ba ya son hira, wai yana sauraren aksul, ƙarfen da ke juya tayoyi. Aksul ɗin bayanta yana da wani gurnani siriri, shi kuwa ya ce waƙa ce.

"Waƙar uwar wa?" in ji ni. "Tsohuwa ce ke nishi."

"Ke dai Tekna, ci cukunki. Nishin nan ne ke kai ki Fashi."

Kowace kakar dabino mukan haɗu mu tsallaka hamadar Tenere zuwa Fashi, shi ne a gaba. Shekarar da nake faɗa mota uku ce: Tamalat, da wata babba mai ɗaukar ruwa, da ta wani mutumin Iferwan, Sidamar, wanda bai taɓa tsallakawa ba. Motarsa irin Tamalat ce sak. Ewangay ne ya ce masa, "Biyo sawuna, ba abin da zai same ka."

A tsakiyar tuddan yashi, da hantsi, motar Sidamar ta yi wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a turmi, ta tsaya. Haƙoran aksul ɗin bayanta sun farfashe. Ewangay ya ɗaura mata igiya don ya fitar da ita daga kwarin. Tamalat ta yi nishi, ta ja, ta ja, sai farfelarta ta murɗe ta tsinke, wato ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya. A irin wannan yashi kuwa, motar da ke ja da ƙafa biyu kabarinta take haƙa.

Kowa ya ga lissafin. Gawa biyu, amma za a iya ta da ɗaya da kayan ɗaya. Wadda aka bari kuma an bar ta ke nan, don kafin a dawo yashi da masu wucewa sun raba ta. Mafi sauƙi shi ne a kwance farfelar Sidamar a ɗaura wa Tamalat, kafin shayi ya tafasa an gama. Shi kansa Sidamar ya fara sauke kayansa.

Ewangay ya ce, "Mayar da kayanka, ɗan'uwa."

Ya ɗauki jak ya nufi Tamalat. Na sha gabansa.

"Kai baƙin jaki, rana ta taɓa ka ne? Da me za ka ci da iyali?"

"Babana ya sha shiga ƙishirwa da ayari," in ji shi. "Bai taɓa sa wuƙa a wuyan raƙumin wanda ya biyo shi ba, alhali nasa na tsaye."

"Wannan ƙarfe ne, ba raƙumi ba."

"Ni na ce masa ya biyo ni, Tekna. Matsa."

Na matsa. Ya tsiyaye man aksul ɗin Tamalat a kwanon da muke kwaɓa gurasa, ya zare sandunan tayoyin, ya kwance cikin aksul ɗin ya rungumo shi a ƙirji, mai na ɗiga a rigarsa. Ƙarfe ya yi zafin da ba ya taɓuwa, tafinsa ya saɓule. Kowace ƙusa sai ya goge ta da bakin rawaninsa kafin ya ajiye a kan tabarma, don ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ci haƙori. Mazan ayarin duka sun kewaye shi da barguna suna tare iska.

Da na miƙa masa ruwa a ƙarƙashin motar Sidamar, inda yake ɗaura mata cikin aksul ɗin Tamalat, na tarar rawaninsa ya zame. Tun da aka naɗa masa shi ban ga bakinsa ba sai ranar, don mazanmu ba sa buɗe shi a gaban mutane. Yana ta ba Tamalat haƙuri a hankali. Na kau da kai, na ji kunya da tsoro kamar na leƙa abin da bai halatta mini ba.

Da la'asar motar Sidamar ta hau tudu da ƙafa huɗu. Ewangay ya sa muka tura Tamalat har ta fuskanci gabas, ya rufe tagoginta, ya bar jarkar ruwa a kujerar direba saboda wanda zai ɓata. Sidamar ya miƙa masa makullin motarsa yana hawaye.

"Baba Ewangay, taka ce yanzu."

"Naman da aka ci ba ya komawa raƙumi. Shiga ka ja, ni zan nuna hanya."

Bai sake mallakar mota ba. Yanzu yana gyaran na mutane a gindin wata bishiya a bakin kasuwar Timiya, ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Kwanan baya na kai masa cuku ina tsokanarsa, sai ya ɗaga hannu ya katse ni. Ni ban ji komai ba. Can sai ga motar Sidamar ta ɓullo daga kwari, da gurnanin nan siriri a bayanta.

Ya dafa gwiwa ya miƙe tsaye, ya gyara rawaninsa.

"Yi shiru, bakin reza," in ji shi. "Tamalat ce ke wucewa."