Wa Za a Zane?

Abin ya fara ne a barandar shagona a Dutse, shekaru kaɗan bayan an yanke mana jiha. Ina sayar da biro da takardu, ina kuma ba da hayar littattafai. Cikin kayan da nake ɗaukowa daga Kano akwai 'yan littattafan labari cikin hotuna, irin waɗanda maganar mutum take fitowa daga bakinsa a cikin da'ira. Ma'aikatan da aka dawo da su sabuwar sakatariya ne suka fara nemansu, daga baya samarin gari suka kama.

Ina da aboki mai fenti, wanda yake rubuta allunan shaguna da bayan motocin lodi. Shi ne ya ce ai shi ma zai iya. Ya samo takardun buhun siminti ya kakkaɓe, ya zana labarin wani makiyayi mai malafa da sanda, yana bin ɓarayin shanu har cikin duwatsu. Washegarin Babbar Sallah muka kafe takardun a bango da ƙusa. Waɗanda suka zo kallo ranar ko barandar ba su cika ba.

Da shekara ta zagayo suka tambaya ko za a sake. Na ce za a sake, amma da doka. Ta farko, kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa takarda, domin maiƙon naman layya ba ya fita. Ta biyu, ba a lanƙwasa shafi. Ta uku, da an kira salla an tashi, ko da jarumi yana rataye a bakin dutse. An yi mini tsegumi a kan dokokin nan, har ana kirana hedimasta. Ban damu ba.

Daga nan abu ya yi ta ƙaruwa. Masu tara fastocin fina-finan Indiya suka fara zuwa suna musaya. Masu kaset suka biyo baya. Samari suka shiga yin shigar makiyayin nan, kowa da malafarsa da sandarsa, ana zaɓen wanda ya fi kama da shi. Wasu daga Buji da Garki suka riƙa kawo nasu labaran da suka zana a takardar makaranta. Baranda ta yi mana kaɗan, muka roƙi filin firamaren unguwarmu, aka ba mu.

A shekarar ne muka raɗa wa taron suna. Abokina ya rubuta BAJEKOLIN ZANE da manyan baƙaƙe a allo, muka kafa a bakin tasha. Ranar taro da hantsi sai ga mota cike da mata daga Jahun. Wata dattijuwa ta nufo ni, tana gyara mayafi.

"Ɗan nan, ina zannuwan?"

"Ga su nan a bango, Inna."

Ta dubi takardun siminti, ta dube ni. "Wannan zan ɗaura? Tun asuba muke hanya, atamfa muka zo saye!"

Na ba su haƙuri, na sa aka shimfiɗa musu tabarmi a inuwa. Tunda motar komawa sai la'asar, suka tashi suna bin bangon a hankali. Da za su tafi, dattijuwar nan ta dawo ta ce, "To wai an samo shanun kuwa?" Na ce sai baɗi. Baɗi kuwa suka dawo, har da ƙari. Na ja igiya na raba filin, ɓangaren mata daban. 'Yan koli ma da suka ji labari suka fara kawo atamfa ta gaske, aka huta da gardama.

Sai shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Ni ma na yi murna kamar kowa. Amma gidajen kallo sun rufe, kuma magana ta fara yawo cewa zana abu mai rai haramun ne, taronmu ma kwanansa ya ƙare. Abokina ya naɗe takardunsa ya tura ƙarƙashin gado.

"Mu haƙura bana," in ji shi.

Na ce, "In muka fasa bana, mun fasa ke nan har abada."

Na ɗauki takardun na nufi zauren kawuna, yayan mahaifiyata, malami ne da ake ɗaukar karatu a wurinsa. Na durƙusa na gaishe shi, na shimfiɗa su a gabansa. Ya daɗe yana dubawa.

"Wannan saniyar ƙafarta ta baya ta yi gajarta," ya ce.

"Allah gafarta Malam, hukunci na zo nema."

"Na sani. Ban ce maka ka yi ba, ban ce ka bari ba. Zan zo in gani da idona."

Da wannan na dawo. Na ga cewa in za a yi, to a yi a fili, kada a ce muna ɓoye wani abu. Na shirya cewa abokina zai zauna a tsakiyar fili ya zana mutum kowa yana kallo. Na kira mai shela na unguwa na karanta masa abin da zai faɗa: bayan azahar, a filin firamare, za a zana mutum a gaban jama'a. Na sa ya maimaita. Ya maimaita daidai.

Abin da ya faɗa a kasuwa daban ne. Wasali ɗaya ya sauya. Cewa ya yi za a zane mutum a bainar jama'a.

A lokacin ba a taɓa yi wa kowa bulalar shari'a a gabanmu ba, kowa yana jiran ya ga ta farko. Muna idar da azahar na ga abin da ban taɓa gani ba. Fili ya cika, katanga ta cika, har kan bishiyoyin dabino akwai mutane. 'Yan acaɓa sun yi layi a bakin hanya. Kowa tambayarsa ɗaya: wa za a zane? Me ya yi? Ga kuma 'yan sa-kai masu hana ɓarna sun iso, shugabansu yana tambayar wace kotu ce ta yanke hukunci ba su sani ba. Da ya ga hotuna a bango sai fuskarsa ta sauya. Abokina ya raɗa mini cewa shi fa zai bi ta bayan aji. Na riƙe masa hannun riga.

Na hau benci na yi sallama da ƙarfi. Na ce, na farko, babu wanda ya yi laifi. Na biyu, babu bulala a filin nan. Sai guna-guni ya tashi, wani ya yi ihu cewa an yaudare su. Na ɗaga murya na ce, na uku, fensir ne da takarda, kuma duk mai ƙarfin hali ya fito ya zauna.

Babu wanda ya motsa. Can sai wani dattijo Bafillace ya ratso mutane, da malafa da sanda, ba shiga ya yi ba, kayansa ne na kullum.

"Ni an zane ni a sharo tun ina saurayi, ban ko ƙifta ido ba," ya ce. "Kawo naku in ji."

"Zauna nan, Baffa. Kada ka motsa."

"Yaro, ni za ka koya wa rashin motsi?"

Aka fashe da dariya. Abokina ya durƙusa, ya fara zana shi. Fili ya yi tsit, sai ƙarar fensir. Da ya gama ya ɗaga takardar sama. Ga malafa, ga gemu, ga tabon da ke gefen hancinsa. Dattijon ya karɓa ya juya ta, ya ce, "Hancin nawa ne. Amma ka rage mini shekaru, Allah ya yi maka albarka." Filin ya kaure da sowa.

Sai aka buɗe hanya, kawuna ya ƙaraso. Shugaban 'yan sa-kan ya rusuna, ashe ya taɓa ɗaukar karatu a zaurensa. Kawu ya karɓi takardar ya ɗaga ta a rana. Ya ce hoton da ba shi da inuwa, wato na kan takarda ba sassaƙaƙƙe ba, malamanmu sun sassauta a kansa, muddin ba tsiraici, ba kuma girmama shi ake yi ba. Ya nuna igiyar da ta raba maza da mata, ya tambaya ko an tashi salla. Aka ce an tashi. Shugaban ya zaga bangon, ya ware wasu fastocin Indiya ya ce a sauke. Na sauke su da hannuna. Sauran ya bari.

Kafin magariba layin masu son a zana su ya kai bakin ƙofar makaranta. Har ɗaya daga cikin 'yan sa-kan na gani a layin, ya cire hularsa yana gyara ta.

Da Sallah ta sake matsowa mai shela ya zo shagona yana sosa ƙeya.

"Ranka ya daɗe, bana wanne zan faɗa? Zana ko zane?"

Na ce ya faɗa yadda ya faɗa bara. Ita ce ta zama doka ta huɗu. Tun daga lokacin ba a buɗe taron sai wani ya hau benci ya tambaya wa za a zane, jama'a kuma su turo dattijon da ya fi kowa gardama ya zauna.