Kwalbar Gahawa a Ƙarƙashin Gado

Tun ina amarya nake tsoron ranar lodi. A lokacin babu abin da ya faru, mijina yana tafiya yana dawowa lafiya lau. Amma da zarar ya ce an gama loda masa mota, gobe sai hanyar Gamboru, sai in fara ƙirga kwanakin dawowarsa tun bai tafi ba. Direba ne, kayan 'yan kasuwa yake kaiwa bakin iyaka. Direbobin ba sa tashi sai sun taru, sojoji a gaba sojoji a baya, duk da haka babu wanda bai san gidan da aka tafi ba a dawo ba a unguwarmu ta Gomari. Da na haifi 'yata abin ya ƙaru. Sai in zauna ina ba ta nono ina kallon kunnenta, irin nasa ne sak, mai ɗan lanƙwasa daga sama, ina cewa a raina, idan wannan kunnen ne kaɗai zai rage mini fa? In yi a'uziyya in tofar. Tunanin ya ɗan ja da baya, can kuma ya dawo.

A gidanmu ban san gahawa ba. Iyayena mutanen Kano ne da kasuwanci ya kawo Maiduguri, shayi muka sani da madara da burodi. Shi kuwa mahaifiyarsa Shuwa ce, Ammi muke ce mata, a hannunta ya tashi da finjali, ɗan kofin nan na shan gahawa. Ranar da na fara dafa masa, ya kurɓa, ya dube ni, ya dubi finjalin.

"Bakanuwa," ya ce, don haka yake kirana in yana jin tsokana, "wannan gahawa ce ko ruwan ɗaurayar tukunya?"

Na ce, "To ka sha hakan, ai ba a makaranta aka koya mini ba."

"A makarantar ma me aka koya miki?"

Na ɗauke finjalin zan zubar, ya riƙe hannuna yana dariya. Daga ranar shi ya karɓi aikin, ni kallo nake.

Ɗanyun 'ya'yan gahawa yake sayowa daga can bakin iyaka, masu launin ƙasa-ƙasa da ɗan kore, ba su da wani ƙamshi sai na busasshiyar ciyawa. Sai ya hura gawayi, ya bari wutar ta kwanta, ya ɗora ƙaramin kasko. Ba ya barin juyawa ko sallama aka yi masa. Za ka ji sun fara ƙara, tas, tas, suna yin duhu suna fitar da maiƙo. Yana ganin sun yi kalar dabino sai ya juye a faifai, ya hure ɓawon. Sannan turmin ƙarfe. Busasshiyar citta yake fara dakawa, sai girfa ɗan ɓalli, kanumfari kuwa kaɗan, don ya ce kanumfari kamar baƙo ne mai surutu, in ya yi yawa ba a jin kowa sai shi.

Kimba daga baya ta shigo. Ina jego aka kawo mini ita cikin kayan yaji, ya ɗauki sili ɗaya ya ɗan babbaka a garwashi ya jefa a turmi. Ranar Ammi tana nan, ta zo ganin jaririya. Tana kurɓa ta ajiye.

"Wa ya sa kimba a gahawa?"

Ya ce, "Ni ne, Ammi."

"Kai ne ka haihu?"

"Ni ma jego nake."

Ta jefe shi da mafici. Amma bai daina ba. Tun daga nan ko a ina ya sha gahawa sai ya tambaya ko da kimba, abokan aikinsa suna yi masa dariya.

A kan ajiya kuwa ba ya wasa. Ya ce gahawa 'yar tsegumi ce, duk abin da ta ji a ɗaki sai ta kwashe. Na taɓa ajiye ta kusa da bandar kifi, ranar muka sha kifi a finjali. Na kawo masa kwalbar da humrata ta ƙare a ciki, na wanke tas, ya shinshina ya ce in kai wa mai son shan turare. Daga ƙarshe ya samo wata kwalba mai faɗin baki, ya wanke da toka, ya kife ta a rana har ta bushe ƙarau. Idan ya zuba garin sai ya shimfiɗa leda a baki, ya murɗa murfi, ya naɗe da robar tayar keke, ya tura can ƙarƙashin gado jikin bango. Nan ne kaɗai zafin garin nan ba ya kaiwa sosai, nesa da kalanzir da daddawa da kaskon turaren wuta.

Safiyar da zai yi tafiyar ƙarshe ya soya da ɗan yawa, don gawayin ya kama da kyau ya ce asara ne a bar shi. Ya cika fulas ɗinsa, kore ne, murfin ya tsage ya ɗaure da irin robar nan. Sauran garin ya zuba a kwalba ya naɗe da hannunsa.

"Kar ki buɗe," ya ce. "Duk buɗewa ƙamshi ne yake fita, kuma ba ya komawa. Sai na dawo."

Na ce, "Wa zai taɓa maka abin ɗacinka."

Ya ja wa yarinya kunne, ya fita.

Labarin a bakin direbobi ya zo. An tare su a hanya, 'yan bindigar nan da muke ce wa yaran daji suka fito ta gefe biyu. Waɗanda suke gaba suka tsira, na baya aka rutsa da su. An ga motarsa a gefen titi, ƙofa a buɗe, rabin kayan ya ƙone. Ba a ga gawarsa ba. Wasu suka ce an shiga da mutane daji, wani ya ce ya ga mai irin rigarsa yana gudu. Wan mijina, wanda nake ce wa Yaya, ya zagaya duk inda ake ajiye gawa, ya dawo ya ce babu shi. Wayarsa kuwa tun ranar a kashe.

Mata suka cika gidan, amma ba su san abin da za su ce mini ba. Ba a yi wa matar mai rai ta'aziyya, ba a kuma yi mata barka. Sai su zauna, su ce Allah ya bayyana, su tashi. Bayan ɗan lokaci suka daina zuwa.

Ni kuwa sai na koma ga kwalbar. In na share ɗaki sai in durƙusa in jawo ta, in goge ƙura da bakin zani, in duba ko robar ta saki. Da farko in na kai hanci wajen murfin ina jin ɗan ƙamshi, sai in ji kamar yana bayan ƙofa yana cire takalmi. Daga baya na daina jin komai. Na ce wa kaina ai alamar ɗaurin ya yi kyau ke nan, komai yana ciki bai fita ba. Bazara ta wuce da zafinta, damina ta sauka har bango ya jiƙe ta ƙasa, na ɗora kwalbar a kan bulo. Yarinya ta yi rarrafe, ta miƙe, ta fara kiran kowane mai hula Abba. Aka sake wata bazarar. A raina na ƙulla cewa muddin kwalbar nan tana rufe yadda ya bar ta, maganarsa ba ta faɗi ba, zai zo ya kwance da kansa.

Yaya ya zo wata rana ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce dangi sun yi shawara a tara mutane a yi wa ƙanensa addu'a, a yi sadaka.

Na ce, "Yaya, wa ya ga gawa?"

Ya ce, "Babu wanda ya gani. Amma zaman nan da kike, ke ba matar aure ba, ke ba mai takaba ba, har yaushe?"

Na ce ni ban yarda ba. Ya ce zai gaya wa Ammi.

Ammi ta zo daga unguwar Ajilari ranar wata Laraba bayan azahar. Ta rame, laffayarta kamar an rataye a jikin sanda. Ta ɗauki jikarta ta shinshina wuyanta, ta zauna a tabarma, ta ce in dafa mata gahawa. Na ce bari in aika a sayo.

"Ba ta kanti ba. Ta ɗana. An ce kina da ita."

Na ce, "Ammi, ya ce kar a buɗe sai ya dawo."

"Ɗana ne kafin ya zama mijinki. Kawo."

Na jawo kwalbar daga ƙarƙashin gado na miƙa mata. Robar ta bushe, tana taɓawa ta tsinke gida-gida. Ta murɗe murfin, ta ɗaga ledar. Na matso da fuskata, ina jiran ɗakin ya cika da ƙamshinsa kamar safiyar da ya tafi.

Babu komai. Garin ya dunƙule ya zama kamar busasshen laka. Da na kai hanci sosai sai na ji warin tsohon mai, irin na kaskon da aka manta ba a wanke ba, da ɗan kaifin kanumfari can ƙasa. Kimbar ma babu ita.

Na zauna a ƙasa. Tun da abin ya faru ban yi kuka mai sauti ba sai ranar. Ina ta cewa ya mutu, Ammi, ya mutu, ga shi nan kin gani. Yarinya ta tsorata ta fashe ita ma.

Ammi ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, rufe mini baki. Kwalba ce za ta gaya miki rai da mutuwa? Wannan ba alamar komai ba ce sai cewa ke Bakanuwa ce. Gahawar da ta ga wuta ta ga turmi ba ta jiran kowa. Ko a cikin ƙarfe kika rufe ta, 'yan kwanaki ne ta tafi. Shi da ya ɗaure, tafiyar mako ya ɗaure wa."

Ta kwance bakin laffayarta ta fito da wani ƙullin tsumma. Ɗanyun 'ya'yan gahawa ne, ba su fi cikin tafi biyu ba. A wani ƙullin daban ga citta guda-guda ba a daka ba, ga girfa, ga kanumfari. Ga kuma kimba sili uku, ita da ta jefe shi da mafici a kanta.

"Mai jira ɗanya take ajiyewa," ta ce. "Kowanne daban, kar a haɗa, kar a daka. Ba a hura wuta sai an ji sallamarsa. Kina tsammani ke kaɗai kike jira?"

Ta sa ni na hura gawayi, na farfasa dunƙulen nan na dafa. Ta ce abin da hannunsa ya daka ba za a zubar a kwata ba. Muka sha, ni da ita, ba sukari. Ɗaci ne kawai da gafi, yana kama maƙogwaro. Ta shanye nata har ƙasa, ta kife finjalin.

"Na ce wa wansa a yi addu'ar ranar Juma'a," ta ce. "Addu'a ba ta kashe mai rai. In yana daji ta same shi a daji, in yana ƙasa ta same shi a ƙasa. Ni dai ba zan mutu ban yi masa ba."

Ban ce na yarda ba, ban kuma ce a'a ba. Aka yi. Na zauna a ɗaki mata suna shigowa, wasu su ce Allah ya ji ƙansa, wasu su ce Allah ya bayyana shi, ina amsa duka da amin. Takaba dai ban shiga ba, kuma babu wanda ya sake yi mini maganar, tukuna.

Ammi ta bar mini rabin ƙullinta. Na wanke kwalbar da toka na kife a rana, na zuba ɗanyun 'ya'yan a ciki, kayan ƙamshin kuma a tsumma daban. In damina ta yi nisa nakan baza su a faifai a inuwa su sha iska, in tsince wanda ƙwaro ya huda. Suna raguwa a hankali. Ammi ta ce su ma ba har abada suke jira ba, sun dai fi haƙuri.

Abin da nake roƙo ga duk wanda wannan ya isa hannunsa, musamman masu bin hanyar nan da waɗanda Allah ya fito da su daga daji: dogo ne, baƙi, kunnensa yana da lanƙwasa daga sama, yana da tabon ƙunar salansa a ƙwaurinsa na dama, kuma in aka ba shi gahawa sai ya tambaya ko da kimba. In kun gan shi, ko kun ga inda aka rufe shi, ku faɗa wa direbobin Gamboru a tasha, maganar za ta iso ni. Ko wanne ne, don Allah ku faɗa.