Ƙafar da ba ta jin allura

Wata bakwai ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu cewa na mutu, ga ni. Masu cewa wani tsohon abokin karawa ne ya jefe ni, ku ma ku matso, da ku nake.

Ga wanda bai san ni ba, Abdu ne, wanda makaɗa ke kira Turmin Tabotaki. Shekara goma sha huɗu na yi ina kokawa, daga fagen kaka na ƙauyukan Buza har aka riƙa tafiya da ni Tawa. Ban taɓa ɗaukar takobin gasar ƙasa ba, amma ba a cika ganin bayana a ƙasa ba. Da gwiwa ta fara yi mini gardama sai na ajiye walki, na koma noman albasa a fadamar Madawa.

Na bar fage, ban bar cin ɗan kokawa ba. Fura da sukari, dabino, zuma, shayi zagaye uku. Na yi teɓa, ana ce mini jin daɗi ne.

Sai ƙishirwa da yawan fitsari. Na ce zafin fadama ne. Sai tafin ƙafafuna suka koma kamar ina taka auduga.

Nan wautar take. Tun ina saurayi wani tsoho na wajen Garhanga ya yi mini wankan tauri, ya ce wata rana ƙarfe ma zai ji kunyar fatata. Ranar da na zare ƙayar aduwa daga dunduniyata ban ji komai ba, sai na ce ai maganin ne ya nuna.

Ban tsaya nan ba. Ranar kasuwar Bangi, a teburin mai shayi, na miƙa ƙafa ana soka mini allura. Ana tafi, ana kirari, ana ɗauka da waya. Wasunku da ke karanta wannan kun tura bidiyon, har da rubuta "namijin duniya". A cikinku akwai masu ilimi, akwai wanda ya taɓa aiki a gidan likita. Ba wanda ya ja ni gefe ya ce naman da ba ya jin allura ba lafiyayye ba ne. Ban huce ba tukuna, ba zan yi muku ƙarya ba.

Matata Rabi kaɗai ta yi magana. "Baban Sani, wanga ba tauri ba na. Ko jakinmu in anka soke shi shina zabura."

Na ce mata me mace ta sani a harkar maza. Wannan maganar ma tana cikin abin da ke ci mini rai, don ni na faɗe ta.

Ƙusa ta huda takalmina ta shiga babban yatsa. Kwana uku ina ban ruwa da ita ban sani ba. Rabi ce ta ji wari. Da yatsan ya yi baƙi, abokai suka kawo mini garin magani a ƙunshi, na barbaɗa. Zazzaɓi ya kayar da ni a bakin rijiyar garka, aka kwashe ni a amalanke.

A asibiti suka soki ɗan yatsan hannuna, suka ɗiga jinin a wata 'yar na'ura. Dokotoro ya taɓa tafin ƙafata da wani siririn zare.

"Kana ji?"

"A'a," na ce, har da ɗan alfahari.

"Ciwon sukari na, ya daɗe shina cin jijiyoyinka. Yatsu biyu sun tahi. Ƙahwa muka son cetowa."

Ya ɗauki biro ya ja layi a bayan ƙafata. Ya ce in kumburin ya ƙetare layin, daga ƙasan gwiwa za su yanke.

Na tsaya gaban ƙarti da yawa, ban taɓa jin tsoron da na ji wa layin nan ba. Kowace safiya in an kwance pansama, wato bandejin gyambon, shi nake fara dubawa. Allurar insulin, ƙarin ruwa, awon jini, Rabi na zarya farmasi da takardar magani. Moton da na ci a fage, wato babur ɗina, ya tafi, albasar ma muka sayar tun ba ta yi daraja ba.

Masu tafi fa? Ɗaya ne ya zo. Ya raɗa mini sunan wanda ya "jefe" ni, sannan ya fito da waya zai ɗauki ƙafar. Na ce ya fita tun ban tashi ba. Ba wanda ya jefe ni. Sukari ne da taurin kaina da tafinku.

A mako na uku kumburin ya tsaya, faɗin yatsa ɗaya tsakaninsa da layin. Dokotoro ya goge layin biron da auduga. Na juya bango na yi kuka.

Alhamdu lillahi, ina tafiya da ƙafata. Na gode wa dokotoron nan da masu wanke mini gyambo ba su taɓa yatsina fuska ba. Rabi kuwa, Allah ne kaɗai zai biya ta.

Tsofaffin 'yan kokawa, ku rage cin da kuke yi lokacin kuna fage. In ƙishirwa da fitsari sun yi yawa, ku je a auna sukari. Ku riƙa duba tafin ƙafa kullum, ku zazzage takalmi kafin ku sa. In wani wuri a jikinku ya daina jin zafi, asibiti za ku nufa, kada ku tsaya a teburin mai shayi.

Yanzu kowace safiya ina rufe ido, Rabi na taɓa ƙafata da tsinken tsintsiya. Yawancin wuraren shiru, kuma an gaya mini mai yiwuwa haka za su zauna. Ranar Juma'ar da ta wuce ta kai kan dunduniyar hagu, sai na janye ƙafar.

"Ka jiya?"

"Na jiya. Da zahi."

Ta dube ni ta ce, "To, jakinmu ya zabura."

Na ce ta ƙara soka.