Bizar da Baba Isufu Yake Jira

Ni mutumin Katsina ne, kuma kafin in lalace babu wanda zai nuna ni da yatsa a Greensboro, nan Amurka. Na zo garin da digirin da bai amfane ni da komai ba, na yi dako a sito, daga baya na koma tuƙa motar kai marasa lafiya asibiti. Ina da mata da 'ya'ya biyu. Abu ɗaya na fi mutanenmu da shi, wato Turancin takarda. Ku matasa da kuka tashi a nan ba za ku gane girman wannan ba, don ku fom ba ya ba ku tsoro. Iyayenku kuwa, musamman waɗanda suka zo daga Nijar, in wasiƙa ta zo musu da hatimin gwamnati, ranar ko abinci ba ya shiga.

Bayan sallar Juma'a nakan zauna cikin motata a bakin masallaci, dattawa su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya ina karanta musu wasiƙunsu. Kyauta nake yi, ladana "Allah ya yi maka albarka." Wata rana wani ya cusa mini abu a hannu ya ce in sha mai. Na ƙi sau biyu, a na uku na karɓa. Daga nan na lura da wani abu. In na karanta takarda na ce ba komai ba ne, mutum zai yi godiya ya tafi. In kuwa na ɗaure fuska, na yi shiru, na ce wannan sai an bi a hankali, sai in ga hannu ya nufi aljihu. Ban ƙirƙiri ƙarya ba a lokacin, fuska kawai nake ɗaurewa, amma yau na san satata daga nan ta fara.

Ana haka sai maganar bizar ritaya ta shigo. Dattawanmu da yawa sun ajiye aiki, suna da fasfon Amurka da ɗan abin da ake ba su duk wata, amma haya ta fi ƙarfinsu, 'ya'ya suna wurin aiki, gida shiru daga safe har yamma. Komawa gida kuma ba sauƙi, don abokan da suka bari yawanci sun riga mu gidan gaskiya. Sai suka ji cewa akwai ƙasashen da ke ba tsoho izinin zama in ya nuna yana da abin da zai ci. Wani ya roƙe ni in nema masa ta wata ƙasar Musulmi. Na buɗe shafin ofishin jakadancinsu, na ga komai a jere: shaidar kuɗin ritaya, takardar 'yan sanda, takardar likita, inshorar lafiya. Aikin da 'yarsa za ta iya yi masa a yammaci ɗaya. Na cike takardun, biza ta fito. Ban gaya masa sauƙin abin ba, na ce masa sai da na yi magana da mutanena na ciki.

Sunana ya zaga gari. Na kama ɗaki a bayan wani shagon kayan abincin Afirka, na buga kati, na zama ejan. Na fara karɓar fasfo da kuɗin mutane har na ƙasashen da ban san ko suna ba da irin wannan biza ba. Duk wanda ya tambaya, amsata ɗaya, ana kan aiki. Ba wanda ya taɓa neman rasit a wurina. A wurinmu neman rasit daga mutumin da kuke haɗa kafaɗa a sahu cin fuska ne, kuma na san haka sarai, a kansa na kafa sana'ata.

A cikin masu zuwa akwai Baba Isufu, mutumin Maraɗi. Ya yi shekaru yana aiki a masana'antar kujeru har bayansa ya sunkuya. Matarsa ta rasu, an binne ta a nan. 'Yarsa ɗaya, Hadiza, nas ce, tana aure a Summerfield. Bai taɓa kiran sunana ba, Bakatsine yake ce mini, yana tsokanata wai kakanninsu ne masu Katsina, mu muka zauna muka cinye musu gida. Ina son tsohon nan, wannan ba ƙarya ba ne, kuma bai hana ni cutarsa ba.

Ya zauna a ofishina ya ajiye fasfonsa a kan tebur.

"Bakatsine, ni ba ƙasar hutu nake nema ba. Madina nake so. In zauna kusa da Manzon Allah har kwanana ya ƙare. An ce kai ne mai haɗa dosiye, takardun neman biza."

Ban san ko akwai irin wannan hanya ga mutum kamarsa ba, ban ma bincika ba. Na ce, "Akwai hanya, Baba, amma tana da tsawo."

Ya ce, "Ni ma na yi tsawon rai ina jira, ba komai."

Watanni suka shuɗe. Duk Litinin sai ya hau bas ya zo, ya sha shayi, ya tambayi dosiyensa, ya koma. Rannan Hadiza ta kawo shi da mota. Cikin ladabi ta kira ni Kawu, ta tambaye ni da Turanci ko akwai lambar da za ta riƙa duba inda takardun suka tsaya. Kafin in buɗe baki uban ya juya mata.

"Ke, ba a bincikar wanda aka ba amana. Ki ba kawunki haƙuri."

Ta ba ni haƙuri, idonta a kaina. Gaskiya daɗi na ji a ranar, na ga tsohon da kansa ya zama mai gadina.

Da na ga zuwansa ya fara damuna, sai na zauna a kwamfuta na haɗa wasiƙa. Na sa mata hatimi, na rubuta sunansa da wata lamba da na ƙago, na ce an amince, za a buga masa biza bayan Babbar Sallah. A lissafina na sayi wata biyu na hutu. Na manta abin da tsohon Bahaushe yake yi in zai yi tafiyar da ba ya sa ran dawowa.

Baba Isufu ya sallami gidan hayarsa. Ya rabar da kujeru da tukwane da rigunan sanyi. Gurbin kabarin da ya tanada kusa da na matarsa ya bar wa jama'a, ya ce a sa duk wanda ya rasu ba shi da kowa. Sannan ya shiga bin mutane gida-gida yana neman yafiya. Ya je McLeansville wurin tsohon abokin aikinsa, ya je Sedgefield wurin wani likita da suka yi shekaru ba sa ga maciji. Ina jin labarin duk wannan, ina zaune a ofis, ban ɗaga waya ba.

Ni ya bari a ƙarshe. Ya shigo da farar riga, ya ƙi zama, ya kama hannuna da hannu biyu.

"Ɗana, na dame ka da zarya. In na taɓa ɓata maka, ka yafe mini."

Na ce, "Ba ka yi mini komai ba, Baba. Na yafe."

Ya ce, "Ni ma na yafe maka duniya da lahira, wanda na sani da wanda ban sani ba. In na isa zan ambaci sunanka a Rauda."

A nan ya kamata in faɗi ƙasa in gaya masa gaskiya. Sai na raka shi bakin titi, na tsaya har bas ta zo.

Hadiza ce ta tona ni. Kafin ta sayi tikiti ta buga waya ofishin jakadancin ba da sanin uban ba, ta karanta musu lambar. Suka ce ba su san ta ba, ba su san wasiƙar ba. Ba ta zo wurina ba, wurin hukuma ta wuce. Da hantsi aka zo aka tafi da ni, aka kwashe fasfon mutane cike da aljihun tebur. Da labari ya fita, waɗanda kunya ta hana magana duk suka fito. A kotu na yi ta waige ina neman Baba Isufu, bai zo ba. 'Yarsa ta shaida wa alƙali cewa tun ranar da ta gaya masa bai sake fita ko masallaci ba, wai da wane ido zai kalli mutanen da ya yi wa ban kwana.

Shekara uku da 'yan watanni na yi a gidan yari. Matata ta nemi takardarta, na ba ta, ta kwashe yara ta koma wurin wanta a wata jiha. Ni da na karanta wa rabin gari wasiƙu, ba wanda ya rubuto mini ko layi ɗaya. Ranar ziyara nakan zauna a bakin gado ina jin ana kiran sunayen mutane. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai. Da farko da kalmar tsohon nake lallashin kaina, ai ya ce har wanda bai sani ba. Na gaya wa wani limami da ke zuwa mana wa'azi. Ya tambaye ni, "Da ya san abin da ka yi, zai faɗi haka?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "To ita ma yafiyar sace ta ka yi. In ka fita ka je ka nemi taka."

Da aka sake ni na sami aikin wanke-wanke a wani gidan abinci, na kama ɗaki ni kaɗai. A masallaci ana amsa mini sallama, amma da an idar kowa sai ya tuna yana da uzuri. Ban ga laifinsu ba. Sai da na yi wata biyu kafin na iya tarar Hadiza. Wannan karon da Hausa ta yi mini magana, kuma ba ta ce Kawu ba.

"Malam, yana gidan kula da tsofaffi. Ka je in kana so. Amma abin da kake nema ba ya wurinsa yanzu."

Na same shi a kan kujera kusa da taga, ya rame, ga ƙaramar jaka a ɗaure a gefen ƙafarsa. Mai kula da shi ta ce kullum da safe sai ya haɗa ta. Ya manta sunan jikokinsa, amma yana ganina fuskarsa ta washe.

"Bakatsine, ta fito?"

Na durƙusa na gaya masa komai. Na ce babu biza, ban taɓa nema ba, wasiƙar ni na haɗa ta, kuɗinsa na ci. Yana saurare yana gyaɗa kai. Da na gama na ce ya yafe mini.

"Me ka yi mini? Kai da kake ta wahala da dosiyena. Mutanen ofis haka suke, ka ƙara bi musu."

Na tuba, kuma ina roƙon Allah ya karɓa, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya san abin da yake yafewa. Don haka ku saurare ni. In mahaifinka yana son ya je wata ƙasa ya huta, ka zauna kusa da shi ku buɗe shafin ofishin jakadancin, ku karanta tare, yawancin abin za ku iya da kanku. In dole sai da ejan, ka nemi rasit da lambar dubawa ko da shi ke jan ku sallah. Tsohon zai yi fushi, ka bar shi ya yi, fushin kwana biyu ne. Kai kuma da Allah ya ba ka sanin takarda, ranar da ka ga tsoron wani ya fara yi maka amfani, ka ajiye aikin tun a ranar.

Duk Lahadi nakan hau bas in je wurinsa, don shi kaɗai ne a garin nan yake murnar ganina. Kowane zuwa sai na sake gaya masa gaskiya daga farko, ko Allah zai sa in dace da ranar da hankalinsa ya dawo, ya ji, ya zage ni ko ya yafe. Lahadin da ta wuce ma na faɗa masa. Ya riƙe hannuna ya ce in gaya musu su hanzarta, don shi ƙarfinsa ya fara ƙarewa.