Igiyoyin Karnuka Tara

A kasuwar kifi ta garin Uummannaq, can ƙurewar arewacin duniya, wani dattijo yana zaune da igiyoyin karnuka tara a cinyarsa, babu kare ko ɗaya. Yana ta shafa musu kitse da hannun da sanyi ya cinye wa yatsu biyu. Ina jin harbe karnukan ya yi. Bana teku bai daskare ba, balle su ja kekensa zuwa farauta a kan ƙanƙarar, to me za su ci?

Can nesa jiragen yaƙin manyan ƙasashe biyu suna harare-harare kan ma'adinan da narkewar ƙanƙara ta tone.

Wani baƙo mai taswira ya rusuna. "Baba, ina hanyar tsibirin can?"

Dattijon ya nuna baƙin ruwa da haɓa.

"Ga ta nan, ɗana. Da ba ta narke ba, ina ka san mu?"